Daidaita haƙoran manya

Daidaita haƙoran manya wani aiki ne na likitancin haƙori wanda ake yi wa mutumin da ya gama girma domin a gyara jerin haƙoransa da yadda na sama suke haɗuwa da na ƙasa. Aikin yana ƙarƙashin fannin da ake kira otodontiks. Ana yin sa ta manyan hanyoyi guda biyu: ƙarfen haƙori wanda ake mannawa a bar shi har ƙarshen aiki, da robar daidaita haƙori mai garai-garai wadda mutum yake iya cirewa ya mayar. Ko da yake an fi yin wannan aiki a shekarun balaga, haƙori yana iya motsawa a kowace shekara ta rayuwa matuƙar dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna da lafiya.

Tarihi

Likitan Faransa Pierre Fauchard ya yi bayanin wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure wa haƙora domin faɗaɗa jerinsu a cikin littafin da ya wallafa a shekarar 1728. Amma wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni shi ne Edward Angle na ƙasar Amurka, wanda ya rayu daga 1855 zuwa 1930. A 1899 ya kasa matsalolin haɗuwar haƙora gida uku, kuma har yau likitoci suna amfani da wannan rabe-raben. A farko ana kewaye kowane haƙori da zoben ƙarfe ne. Binciken Michael Buonocore na 1955 a kan yadda ake manna abu a fuskar haƙori shi ya buɗe hanyar manna ƙananan maƙalai kai tsaye, abin da ya yaɗu a shekarun 1970. A waɗannan shekaru ne kuma aka fara amfani da wayar da aka haɗa da ƙarafan nikel da titaniyam, wadda take komawa siffarta ta asali bayan an lanƙwasa ta.

Tunanin motsa haƙori da roba ya faro ne daga Harold Kesling a 1945. A 1997 Zia Chishti da Kelsey Wirth suka kafa kamfanin Align Technology a Amurka, wanda ya fito da robar Invisalign da ake tsarawa da kwamfuta. Daga baya wasu kamfanoni da dama sun shiga yin irinta.

Matsalolin da ake gyarawa

Baligi yana da haƙora 32 idan duk sun fito. A rabe-raben Angle, aji na 1 shi ne inda turamen sama da na ƙasa suka haɗu daidai amma sauran haƙoran suka cunkushe, ko suka karkace, ko suka yi tazara. Aji na 2 shi ne inda jerin ƙasa ya ja baya, wanda sau da yawa yake sa haƙoran gaba na sama su turo waje. Aji na 3 kuwa jerin ƙasa ne yake wuce na sama. Akwai kuma wanda haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa ko da ya rufe baki, da wanda na sama suke rufe na ƙasa fiye da kima.

Daga cikin dalilan akwai gado, da tsotsar yatsa na tsawon lokaci a ƙuruciya, da cire haƙoran nono kafin lokacinsu. A wajen manya akwai ƙarin dalilai biyu. Idan an cire turmi aka bar giɓi shekara da shekaru, haƙoran da ke gefensa sukan kwanto cikin gurbin, na samansa kuma ya sauko. Haka nan ciwon dasashi yakan cinye ƙashi har haƙoran gaba su fara buɗewa.

Yadda haƙori yake motsawa

Saiwar haƙori tana zaune ne a cikin rami a ƙashin muƙamuƙi, kuma wasu siraran zaruruwa ne suke haɗa ta da ƙashin. Idan aka matsa haƙori da ƙarfi kaɗan ba yankewa, ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙashi sukan ci gefen da ake matsawa, wasu kuma su gina sabon ƙashi a gefen da haƙorin ya baro. Ta haka haƙori yake tafiya kimanin milimita 1 a wata. Ƙara ƙarfin matsi ba ya ƙara sauri, sai dai ya toshe jinin da ke zuwa wurin ya lalata saiwar.

Bambancin babba da yaro shi ne muƙamuƙin babba ya daina girma. Likita yana iya juya girman muƙamuƙin yaro da na'ura, amma a wajen babba haƙoran kaɗai ake iya motsawa. Idan matsalar a ƙashin muƙamuƙi take kuma ta yi tsanani, sai an haɗa da tiyata.

Ƙarfen haƙori

Ana manna ɗan ƙaramin maƙali a kan kowane haƙori, a zura waya ta cikinsu, a ɗaure ta da ƙananan robobi masu launi. Wayar ce take jan haƙoran zuwa inda ake so. Mutum yakan koma asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8 domin a canza waya ko a ƙara ɗaure ta. Galibi aikin yakan ɗauki wata 18 zuwa 24, wani lokaci ya wuce haka. Akwai maƙalan da ake yi da tangaran mai launin haƙori, akwai kuma waɗanda ake mannawa ta ciki wajen harshe yadda ba a ganin su, amma sun fi tsada. Ƙarfen haƙori ya fi dacewa da manyan matsaloli, kamar juya haƙorin da ya karkace sosai ko rufe gurbin haƙorin da aka cire.

Robar daidaita haƙori

Ana fara ɗaukar siffar baki da na'urar ɗaukar hoto ko da wani abu mai kama da ƙulli, sannan kwamfuta ta tsara tafiyar haƙoran mataki-mataki. Kowace roba tana motsa haƙori kimanin rubu'in milimita, ana kuma canza ta duk bayan mako 1 ko 2. Dole ta kasance a baki awa 20 zuwa 22 a kowace rana, ana cire ta ne kawai lokacin cin abinci da goge baki. Ruwa kaɗai ake sha da ita, domin shayi mai zafi yana lanƙwasa ta, lemo mai sukari kuma yana maƙalewa a ƙarƙashinta. Sau da yawa ana manna wasu ƙananan ƙulleli masu launin haƙori domin robar ta sami abin kamawa.

Ma'aikata da malamai da masu hulɗa da jama'a sukan fi son ta saboda ba ta fiye bayyana ba. Sai dai nasararta tana hannun mai ita: wanda yake yawan cire ta ba zai ga sakamako ba.

Illoli da kiyayewa

Ciwo na kwana biyu ko uku bayan kowane gyara abu ne da aka saba gani. Babban haɗarin shi ne ruɓewar haƙori da kumburin dasashi, saboda abinci yana maƙalewa a jikin ƙarfen. Wanda ba ya goge baki sosai yakan ga fararen tabo a haƙoransa ranar da aka cire ƙarfen. Saiwar haƙori ma takan ɗan gajarce. Shan taba da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna ƙara haɗarin lalacewar dasashi. Saboda haka likita yakan fara da ɗaukar hoton ƙashi, ya wanke haƙora, ya cike kogo, kafin ya manna komai.

Bayan an gama, haƙora sukan yi ƙoƙarin komawa inda suka fito. Ana hana wannan da siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙoran gaba, ko da robar da ake kwana da ita. Likitoci da yawa suna ba da shawarar a ci gaba da amfani da ita har tsawon rayuwa.

Akwai kuma haɗarin yin aikin ba tare da likita ba. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda yake aika wa mutane roba har gida ba tare da sun zauna gaban likita ba, ya rufe a watan Disamba 2023, ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar aiki. Ƙarfen ado da wasu suke sawa a shagunan kwalliya shi ma yana jan haƙori ko da don gayu aka sa shi, kuma yana iya karkatar da haƙoran da da ma lafiyarsu ƙalau.

A Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa

Dutse ita ce hedikwatar Jihar Jigawa tun da aka cire jihar daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta 1991. Manyan asibitocin yankin su ne asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A irin waɗannan asibitoci ake fara duba baki, a yi maganin dasashi da kogo, sannan a tura mutum gaba idan yana buƙatar ƙwararre. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a Najeriya, kuma akasarinsu suna manyan birane, musamman Legas da Abuja. Babbar cibiyar da ta fi kusa da Dutse ita ce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero suke samun horo. Hukumar MDCN ce take yi wa likitocin haƙori rajista a ƙasar, kuma ana samun shaidar ƙwarewa daga Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Ga mazaunin Dutse, Kiyawa, Jahun ko Gwaram, lissafin aikin ya haɗa da kuɗin mota da ranar aiki da za a rasa a kowace ziyara, har na tsawon shekara biyu. Kayan aikin daga ƙasashen waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin canjin dala. Yanke aikin a tsakiya ya fi rashin fara shi illa, musamman idan an riga an cire haƙori domin a samar da wuri.

Abincin yankin ma yana shafar mai ƙarfen haƙori. Rake, ƙuli-ƙuli, busasshiyar aya, gasasshiyar masara da kilishi suna iya ɓalle maƙali ko lanƙwasa waya. Busasshen dabino, wanda aka san Dutse da shi, sai an jiƙa shi ko an yayyanka. Goro yana rina roba da maƙalan tangaran. Aswaki ba ya shiga ƙarƙashin waya yadda ya kamata, don haka ana haɗawa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid.

Al'ada da addini

Hausawa suna ɗaukar wushirya a matsayin alamar kyau, alhali littattafan likitanci na Turai sukan lissafa ta cikin abubuwan da ake gyarawa. Wushiryar da aka haifi mutum da ita ba cuta ba ce, kuma likita yana iya daidaita sauran haƙoran ya bar ta idan mai ita yana so. Tazarar da ta buɗe wa mutum da girmansa ita ce abin dubawa, domin tana iya zama alamar ciwon dasashi.

Saboda hadisin da ya hana feƙe haƙora don neman kyau, mutane sukan tambayi hukuncin wannan aiki. Malamai da dama na wannan zamani sun bambanta tsakanin canza halitta don ado da gyara lahani, inda suka halatta daidaita haƙoran da suka karkace ko suke hana tauna da magana.