Mai sandar labule da ya ƙera Glock: zare kan bindiga, wuƙa da kayan aljihu

1/
Jama'a, yau labarin wani mutum zan ba ku. Ya haura shekara 50 a duniya bai taɓa ƙera bindiga ba, sana'arsa sandar labule da wuƙa. Amma ƙaramar bindigar da ya fito da ita ta mamaye Amurka, har ta iso wayoyinmu. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Ga abin da ya kai ni. A zangon karatun da ya wuce aka yi wa abokin ɗakina ƙwacen waya, yana dawowa daga karatun dare. Wuƙa suka nuna masa. Tun daga ranar ya dinga turo min hotunan Amurkawa da suka baje kayan aljihunsu a tebur: bindiga, wuƙa mai naɗewa, tocila, makulli.

3/
Su suna kiran wannan EDC, wato kayan da mutum ba ya fita sai da su. Ya ce min, “Mutumina, ka ga waɗanda suka san ciwon kansu.” Ni kuma abin da na lura, bindigar kusan iri ɗaya ce a ko'ina: baƙa, ba ado, sunanta Glock. Da yake tarihi nake karanta, na ce bari in bi sawunta.

4/
Mu fara da mai ita. An haifi Gaston Glock a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1929. A 1963 ya kafa ƙaramin kamfani a garin Deutsch-Wagram, kusa da Biyana. Sandar labule da ƙananan kayan ƙarfe da na roba yake yi. Ko ƙamshin bindiga babu a wajen.

5/
Wuƙa ce ta buɗe masa ƙofar barikin soja. A shekarun 1970 ya samu kwangilar yi wa sojojin Ostiriya wuƙar daji, wadda ake kira FM 78, mai ƙotar roba. Har yau kamfanin na ƙera ta. Ku riƙe maganar roba ɗin nan, za mu dawo kanta.

6/
A 1980 sojojin Ostiriya suka ce suna neman sabuwar ƙaramar bindiga. Wadda suke riƙe da ita, Walther P38, ƙirar Jamus ce tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Manyan kamfanoni suka shigo takara: Beretta, SIG Sauer, Heckler & Koch, da Steyr na cikin gida. Sai ga mai labule shi ma ya ɗaga hannu.

7/
Rashin saninsa ne ya taimake shi. Ba shi da tsofaffin injinan da zai ce dole sai da su, ba shi da “haka muka gada”. Ya sayo bindigogin da ke kasuwa ya warware su, ya tara masana ya tambaye su abin da soja ke buƙata. Sannan ya koma ga abin da ya fi iyawa: roba mai ƙarfi.

8/
Sai ya yi gangar jikin bindigar da roba, bututun da saman da ke ja da baya kuma da ƙarfe. Ta fito ba nauyi, ba ta jin tsatsa sosai, sassanta ba su kai 40 ba, ga arhar ƙerawa. Harsashi 17 take ci, a zamanin da libarba mai juyawa ke cin 6 kacal.

9/
A 1982 ta doke manyan nan, sojojin Ostiriya suka ɗauke ta da sunan P80. A kasuwa kuma Glock 17. Da yawa suna zaton saboda harsashi 17 ne. A'a, dace aka yi. Lambar ta fito ne daga rajistar haƙƙin ƙira ta 17 da ya yi.

10/
Gaskiya ɗaya: ba ita ce ta farko mai jikin roba ba. Heckler & Koch sun fito da VP70 tun 1970, amma ba ta yi kasuwa ba. Ke nan ƙira mai kyau kaɗai ba ta isa ba. To me ya ɗaga Glock? Nan ne labarin ya tsallaka Amurka, kuma nan ne abin da nake so ku gani.

11/
A 1985 kamfanin ya buɗe reshe a Smyrna, jihar Jojiya. A farkon 1986 wani fitaccen marubucin jarida, Jack Anderson, ya rubuta cewa Gaddafi na Libiya na neman sayen bindigar roba da za ta iya wuce binciken filin jirgin sama. Kai, Amurka ta ɗauki zafi.

12/
Majalisa ta zauna a kai, har aka yi doka a 1988 da ta haramta bindigar da na'urar bincike ba ta iya ganowa. Abin dariyar, dokar ba ta taɓa Glock ba, domin akwai ƙarfe mai yawa a jikinta, na'ura na ganin ta sarai. Amma kafin ƙura ta lafa, kowa ya haddace sunan. Talla kyauta.

13/
Tsoro na biyu ya fi na farko nauyi. Ranar 11 ga Afrilu 1986, a Mayami, jami'an FBI 8 suka tare wasu 'yan fashin banki 2. Cikin 'yan mintuna aka kashe jami'ai 2, aka raunata 5, su ma 'yan fashin suka mutu. Da yawa daga jami'an libarba ce a hannunsu, ɗaya daga 'yan fashin kuwa doguwar bindiga.

14/
Daga nan 'yan sandan Amurka suka shiga cewa ɓarayi sun fi su makami. Dillalin Glock a can, Karl Walter, bai yi wasa ba. Ya bi rundunoni da rangwame, ya ce su kawo tsofaffin bindigoginsu a yi musaya. Lissafinsa: abin da ɗan sanda ya rataya, shi farar hula zai nema a shago. Haka kuwa aka yi.

15/
Sai fim ya ɗora. A Die Hard 2 na 1990, jarumin ya ambaci wata “Glock 7”, wai da tangaran aka yi ta a Jamus, wai na'urar filin jirgi ba ta ganin ta. Babu Glock 7, ba tangaran ba ce, ba kuma Jamus ba. Duk ƙarya, amma ta ƙara mata kwarjini. Mawaƙan gambarar Amurka ma suka ɗauki sunan.

16/
A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta hana sayar wa farar hula sabon gidan harsashi mai cin fiye da 10. Za ka ce Glock ta shiga uku. Ina! Tsofaffin da aka ƙera kafin dokar sun halatta, sai farashinsu ya tashi, ga kuma waɗanda aka karɓo daga 'yan sanda a musaya. Dokar ta ƙare a 2004.

17/
Kuma tunda an ce harsashi 10, sai suka rage girman bindigar. Aka fito da Glock 26, 'yar ƙarama mai cin 10 daidai, wadda ke ɓuya a ƙugu. Wannan ya zo daidai da wani sauyi: tun 1987 jihar Fulorida ta sauƙaƙa lasisin yawo da bindiga a ɓoye, jihohi suka yi ta bin sahu.

18/
Jihar Illinois ce ta ƙarshe, a 2013. Yanzu fiye da rabin jihohin Amurka ba sa ma neman lasisi kafin baligi ya ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsa. Ke nan hoton da abokina ke sha'awa ba daga sama ya faɗo ba. Dokoki ne na shekaru kusan 40 suka haife shi.

19/
To sauran kayan da ke hoton fa? Su ma da tarihinsu. Jar wuƙar nan mai baki da yawa: Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach, Suwizalan, a 1884, ya fara ba sojojin ƙasar wuƙa a 1891. Kamfanin shi ne Victorinox. Sojojin Amurka ne suka yayata ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

20/
Wuƙar farko ta sojan Suwizalan ba don faɗa aka yi ta ba. Buɗe gwangwanin abinci da kwance dunƙulen bindiga ne aikinta. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka hana shiga jirgi da wuƙa, cinikin ya faɗi warwas. A 2005 Victorinox ta saye abokiyar gogayyarta, Wenger.

21/
Filaya mai naɗewa kuwa, Tim Leatherman ne. A 1975 ya zaga Turai da wata tsohuwar Fiat mai yawan lalacewa, wuƙar aljihunsa ta kasa gyara ta. A 1983 ya fara sayar da tasa ƙirar. Ɗan maƙalin da ke riƙe wuƙa a bakin aljihu kuma, kamfanin Spyderco ne ya fito da shi a 1981.

22/
Kun ga bambancin? Wuƙar Suwizalan da filayar Leatherman matsalar yau da kullum ce ta haife su: gwangwani, dunƙule, mota. Kakana ma ba ya rabo da 'yar wuƙa a aljihun gaba, da ita yake feƙe asawaki, yake ɓare rake. Ita kuwa bindigar, duk wani tsalle da kasuwarta ta yi, tsoro ne ya ɗaga ta.

23/
Wani zai ce: ai kare kai haƙƙi ne. Na yarda, kuma masu sha'awar nan da yawa mutane ne masu bin doka, suna zuwa horo, suna kulle makamansu a gida. Akwai ma waɗanda bindiga ta cece su. Ban zo zagin kowa ba. Amma akwai lissafin da ba a sakawa a hoto.

24/
Binciken Small Arms Survey ya ƙiyasta bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka a 2017, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a can. Fiye da rabinsu ba ɗan fashi ne ya harbe su ba, su ne suka kashe kansu.

25/
Kuma sauƙin da ya sa ɗan sanda ya so ta, shi ya sa mugu ma ya so ta. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, Glock 19 na cikin bindigogi biyun da ya riƙe. Wanda ya kashe baƙar fata 9 a coci a Charleston a 2015, shi ma Glock ce.

26/
Shi kansa Gaston bai tsira daga tashin hankali ba. A 1999, a wani wajen ajiye motoci a Lukzambog, wani tsohon ɗan kokawa ya far masa da gudumar roba. Mai kula masa da harkar kuɗi, Charles Ewert, shi ya yi hayar maharin, aka ɗaure shi shekara 20.

27/
Abin lura: mai kamfanin bindiga, yana da shekara 70, ba bindiga a jikinsa ranar. Da hannu ya kare kansa har ya fi ƙarfin maharin. Ya rayu har ranar 27 ga Disamba 2023, ya mutu yana da shekara 94, hamshaƙin attajiri mai gudun 'yan jarida.

28/
Mu dawo gida. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta saka fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sai da lasisin shugaban ƙasa. Wuƙa kuwa, in 'yan sintiri suka same ka da ita a ƙugu da tsakar dare, ba wanda zai saurari bayanin EDC. Ɗan daba za a kira ka.

29/
Wannan na faɗa wa abokina, don har ya fara cigiyar inda ake sayar da wuƙa mai naɗewa. Na ce, “Mutumina, su uku ne suka tare ka. Da ka zaro wuƙa a daren nan, waya kaɗai za ka rasa?” Ya yi shiru. Ya san amsar, ni ma na sani.

30/
Ban raina tsoronsa ba, wallahi, ni ma ina bin hanyar. Yanzu dai ba ma dawowa ɗaiɗai, sai mun taru mu huɗu ko biyar. Ya sayi tocila mai haske da 'yar ƙaramar waya ta fita dare. Hotunan bai daina kallo ba, amma ya daina turo min.

31/
In kun sake ganin baƙar bindigar nan kwance kusa da agogo da makulli, ku tuna da sandar labule, da Gaddafi, da Mayami, da dillalin da ya san darajar tsoro. Ku kuma faɗa min: me ke aljihunku yanzu haka? Ni dai biro, katin makaranta da naira 500. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.