Tsohon Kwafi: Yadda Fassara Ke Isowa Maiduguri

Maiduguri ta daɗe tana karanta labarin jiya. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, labaran ƙasashen waje da ke cikinta daga Turanci ake juyo su, sannan a ɗaure jaridar a loda wa mota, ta ratso Kano da Potiskum kafin ta iso. Jirgin ƙasa ma sai 1964 ya zo nan. A shekarun 1950 hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ta fitar wa lardin Barno tasa jaridar, Albishir. Kakana yakan ce idan mai fassara ya yi tuntuɓe, gyara sai fitowa ta gaba, kafin nan kuwa maganar ta gama zaga majalisu.

Na yi aiki a wani kafe na intanet kusa da Fos Ofis a farkon shekarun 2000, lokacin da komai ta tauraron ɗan'adam yake saukowa, ga tsada ga nawa. Dabarar masu kafe ita ce ware kwamfuta ɗaya a lungu, duk shafin da wani ya buɗe ta adana kwafinsa, mai zuwa daga baya a ba shi daga nan. Ɗaliban Jami'ar Maiduguri sukan cika benci suna jiran jerin sunayen waɗanda aka ɗauka. Sai ka ji wani ya ɗaga murya: "Mai kafe, ai wannan na safe ne!" Sai in je in danne Ctrl da F5, shafin ya yi fari fat, sabo ya dinga saukowa layi-layi.

Wannan kwamfuta ta lungu ita ce ta girma ta zama sana'ar manyan kamfanoni. An kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya, IXPN, a Legas a 2006, wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a 2010. Kamfanoni irin su Google da Cloudflare suka girke ma'ajiyarsu a Legas, don kada kowace buƙata ta tafi har Turai ko Amurka.

A watan Mayun 2013 aka katse layukan waya a Barno saboda dokar ta-ɓaci. A Disambar shekarar Google Translate ya ɗauki Hausa, Kanuri kuma a Yunin 2024. Daga nan shafi ɗaya ya zama yana da kwafi da yawa. Fassarar na'ura kuɗi take ci, don haka masu shafi kan fassara sau ɗaya su ajiye a ma'ajiya. Idan aka gyara na Turanci ba a share na Hausa ba, tsohon zai ci gaba da fitowa har wa'adinsa ya ƙare. Idan kuma ba a koya wa ma'ajiyar bambanta harsuna ba, mai Faransancin da ya riga ka buɗe shafin shi zai zaɓa maka harshe.

Na ga illar haka lokacin ambaliyar madatsar Alau a Satumbar 2024. Wata maƙwabciyarmu ta miƙo mini wayarta, sanarwar wata ƙungiya kan wurin rabon tallafi ce da Hausa. Na buɗe ta Turanci a tawa, ashe an canza wurin tun jiya. Fassarar ba ta da aibu ko ɗaya, tsufa kawai ta yi.

Mutanen Zariya suna da uzurin nisa da mota. Mai shafin yau kuwa, umarni ɗaya zai bayar a share kwafin kowane harshe tare da na Turanci, ya kuma sa ranar gyara a saman fassarar, don mai karanta Hausa ko Kanuri ya san na yaushe ne yake riƙe da shi.