Daga Gadar Kennedy zuwa Jami'ar André Salifou: malaman jami'a da muryar talaka a Nijar

Har zuwa 'yan shekarun baya, ɗan Takeita da ya ci jarrabawar bak ba shi da wata jami'ar gwamnati sai ta Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800 zuwa yamma. Yau mota ɗaya zai shiga ya nufi gabas, cikin awa guda yana Damagaram, inda aka kafa jami'a a 2010, tare da ta Maraɗi da ta Tawa. Sunan da jami'ar take ɗauke da shi yanzu, André Salifou, shi kansa tarihi ne na yadda malamin jami'a ya shiga harkar jama'a a ƙasar nan.

Tsofaffin malamai kan fara labarin ne daga Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Masanin kimiyyar fizik ne, ya shugabanci ofishin binciken makamashin hasken rana na ƙasa, daga baya ya riƙe jami'ar Yamai. Amma abin da ya fi barin tasiri shi ne littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, inda ya soki lakkwal ɗin da Faransa ta bari, ya kuma kare koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Ya rasu a 1991, shekara ta gaba aka sa wa jami'ar Yamai sunansa.

Salifou kuwa ɗan Zinder ne, wato Damagaram, haihuwar 1942. A 1971 ya fitar da bincikensa kan daular Damagaram a ƙarni na 19, sannan ya rubuta wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birnin da ganuwa, a zamaninsa kuma ake ƙera bindigogi a cikin gari. Ya yi littafi kan tawayen Kawsan a Agadas, ya yi wani kan matsalar Buzaye. Wannan aiki ba ƙarami ba ne a lokacin da yaran makaranta suka fi sanin sarakunan Faransa a kan nasu.

Sai ranar 9 ga Fabrairu, 1990. Ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN suka fito daga harabar jami'a, suka nufi tsakiyar Yamai don nuna ƙin tsuke bakin aljihun da masu ba da bashi na duniya suka ɗora wa fannin ilimi. A Gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka mutu a ƙidayar hukuma. Daga ranar mulkin Janar Ali Saibou bai sake samun zama daram ba. Ƙungiyoyin ƙwadago suka mara wa ɗalibai baya, har aka kai ga babban taron ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yuli, 1991, aka rufe a farkon Nuwamba. Wanda wakilai sama da dubu suka ɗora a kujerar jagorancin taron shi ne malamin tarihin nan na Damagaram. Bayan taron ma shi ya shugabanci majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har zaɓen 1993, wanda wani ɗan Zinder ɗin, Mahamane Ousmane, ya lashe.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau ake ja-in-ja a kansa a ɗakin malamai. Salifou ya jagoranci jam'iyya, bayan juyin mulkin 1996 ya karɓi muƙamin minista a gwamnatin Ibrahim Baré Maïnassara, daga baya kuma ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1999. Wasu suna ganin ƙasa ce ta kira shi ya amsa. Gaskiyar magana dai, malamin da ya hau kujerar minista yakan rasa wani abu da ba a mayar masa cikin sauƙi, wato 'yancin faɗa wa mai mulki ba daidai ba ne. Ya rasu a watan Mayu na 2022.

Ƙungiyar malaman jami'a, SNECS, ita ta gaji wannan fage. A 2018 da 2019 ta yi ta yajin aiki don malamai su ci gaba da zaɓen shugabannin jami'o'i da kansu, gwamnati kuwa ta kai doka majalisa ta mayar da abin naɗi. Faɗan yana da tushe, amma ɗalibin da bursu ɗinsa ya makale, zangon karatu kuma ya hau kan wani zangon, shi ya fi kowa jin jiki.

Matsalolin da ke jiran malaman Damagaram ba a ɓoye suke ba: ƙarancin ruwan sha da birnin ya daɗe yana fama da shi, matasan gungun da ake kira "fale" na unguwar Kara-Kara da ba su da aikin yi, matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 da abin da ya kamata ta bar wa yankin, da tarzomar da ta ɓarke a birnin a Janairun 2015. Abin lura, muryar da ta fi kai labarin Kara-Kara duniya ba daga zauren lacca ta fito ba. Fim ne na Aïcha Macky, 'yar garin da ta karanci ilimin zamantakewa, wanda ya fito a 2021, matasan kuma da Hausa suke magana a cikinsa.

Nan ne gizo ke saƙa. Yawancin abin da aka rubuta kan Damagaram da Faransanci yake, manomin Takeita ko na Matamai ba ya jin sa sai an fassara masa a gidan rediyo. A watan Maris na 2025 sabon kundin da hukumomin Yamai suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Shekara 61 ke nan bayan littafin Abdou Moumouni, kuma har yanzu da Faransanci ɗalibin jami'ar Zinder yake rubuta kundin kammala karatunsa.