Daga Jangali Zuwa Kuɗin Mai: Yadda Haraji Ya Sauya Kama a Najeriya

Tun kafin zuwan Turawa, talakan ƙasar Hausa ya san haraji. Akwai kuɗin ƙasa, akwai zakka, masu rini na biyan kuɗin karofi, makiyayi kuma na biyan jangali a kan shanunsa. Abin da Gwamna Lugga ya yi bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 shi ne ya tattara waɗannan, ban da jangali, ya mai da su haraji guda, da dokar da ya kafa a 1906, daga baya aka buɗe baitulmali a masarautu. Sabon abu a nan shi ne dole a biya da kuɗin Bature. Manomin da rumbunsa ke cike da gero amma ba shi da ko sule, tilas ya nemi abin sayarwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa noman gyaɗa ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

Dattawa har yau suna ba da labarin lokacin karɓar haraji. Hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, mai unguwa ya tsaya a ƙofar gida da 'yan doka, kashin dankali ke nan. Wanda bai biya ba a shanya shi a rana, ko a sayar da akuyarsa, ko ya tsere ci-rani. Matafiyi ba ya rabuwa da takardar harajinsa, don ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Fulani kuwa da sun ji ƙishin-ƙishin masu ƙidayar jangali, sai su kora rabin garke cikin daji. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ta samu farin jininta ne a kan wannan ƙunci, Malam Aminu Kano da mutanensa suka yi ta shan ɗauri a kai. Sai a 1979 burinsu ya cika, lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, gwamnonin jam'iyyar PRP, suka soke haraji da jangali da hawansu mulki. Talaka ya ji wannan sassauci a jikinsa nan take, domin mai karɓa ya daina zuwa ƙofar gidansa.

Gwamnati ta iya yin wannan ne saboda kuɗin man fetur ya riga ya maye gurbin gumin manomi a baitulmali. Da kuɗin man ya fara gazawa, sai haraji ya dawo ta wata ƙofa. A 1994 aka fara karɓar harajin kayayyaki na VAT, kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a Fabrairun 2020. Wannan ba ya buƙatar mai unguwa. Yana cikin kuɗin katin waya da na sabulu, mutum na biya bai ma sani ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, dalar da ake saya wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Kafin nan, a watan Agusta, matasa sun cika titunan Kano da Kaduna da wasu biranen suna zanga-zangar yunwa. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafa na kwana 150, ta kuma mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000.

A cikin wannan hali aka aika ƙudurori huɗu na gyaran haraji, aikin kwamitin Taiwo Oyedele, zuwa Majalisar Tarayya a Oktoban 2024. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka yi fatali da su, kuma abin da ya fi tsaya musu a rai shi ne yadda za a raba kuɗin VAT tsakanin jihohi, ba nauyin da ke kan talaka ba. Bayan an kai ruwa rana, majalisa ta ƙi amincewa da ƙarin VAT ɗin da aka nema, ya tsaya a 7.5. Shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba an yafe masa harajin albashi, kayan abinci na yau da kullum da magani ba VAT a kansu, manyan masu samu kuma nasu ya hau har kashi 25.

Yafewar abu ne mai kyau, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa karɓar albashin da ake yanke wa haraji. Mai shayi da ɗan acaɓa da manomin Dawakin Tofa ba su da abin da za a yafe musu a takarda, alhali su ne suke biyan tsadar mai a kuɗin mota da buhun taki. Ko ƙaramin ma'aikacin da ya amfana, 'yan dubban da suka rage masa a wata ba su kai abin da kuɗin zuwa aiki ya ƙaru da shi ba. A ganina sassaucin 2025 bai kama ƙafar na 1979 ba, domin an rage harajin da yawancin talakawa dama ba sa biya.