Me Ya Hana a Zuba Kwalta a Old Warden?

A ƙauyen Old Warden na yankin Bedfordshire a Ingila akwai ƙaramin filin jirgin sama wanda har yau ciyawa ce a kansa. Richard Shuttleworth, wanda ya gaji dukiyar maƙeran injinan noma, shi ya mayar da wani ɓangare na gonar gidansu wurin sauka bayan ya sayi ƙaramin jirgi samfurin Moth a 1932. Ya rasu a haɗarin jirgi a 1940 yana samun horo a rundunar sojan saman Birtaniya. Mahaifiyarsa Dorothy ta kafa gidauniya don tunawa da shi a 1944, kuma aka buɗe wa jama'a tarin jiragensa a 1963.

Wanda bai san kan zance ba zai ɗauka rowa ce ta hana kwalta, ko son tsohon yayi. Alhali ciyawar ce ta sa jiragen ke tashi har yanzu. Jirage irin su Blériot na 1909, wanda babu jirgin da ya girme shi cikin masu iya tashi a duniya, ba su da birki. A ƙarƙashin wutsiyar yawancinsu ba taya, sai ɗan sanda mai jan ƙasa. Idan jirgi ya sauka, sandan nan ke kartar ciyawa ya rage masa gudu, ya kuma hana shi kaucewa. A kan kwalta sulɓewa zai yi, jirgin ya juya da matuƙi, fiffike ya daki ƙasa.

Masu sukar wannan tsari na da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ruwan hunturun Ingila kan jiƙa fili ya yi taɓo, sannan duk tashin da aka yi caca ce da abin da ba shi da madadi. Me zai hana a rataye jiragen a gidan tarihi? Sai dai jirgin da aka rataye, cikin 'yan shekaru ba za a sami makanikin da ya san kukan injinsa ba, balle matuƙin da ya san halinsa a sama. Kasadar ma ba ta ganganci ba ce. Mafiya tsufan jiragen, har da Blackburn na 1912, ba a fito da su sai iska ta kwanta, galibi da yamma lis. Ranar da ta ƙi kwanciya, a rumfa suke kwana, ko da 'yan kallo sun cika fili.