Daga Injin Safa Zuwa Mazubin Mota: Tarihin Aron Kayan Aiki

A masana'antar ƙera motoci ta yau, da yawa daga cikin mazuban ƙarfe da ake buga sassan mota da su ba na kamfanin da ke aiki da su ba ne. Na kamfanin motar ne, ya kai su masana'antar ƙaramin ɗan kwangila, aka manna musu faranti mai sunansa, aka sa hannu a takarda. Wannan tsari ya girmi motar kanta.

A 1589 William Lee ya ƙirƙiro injin saƙa safa a kusa da Nottingham ta Ingila. Injin ya fi ƙarfin aljihun masaƙi, don haka 'yan kasuwa suka riƙa saye suna ajiyewa a gidajen masaƙa, su kawo zare, su karɓi safa. Sai dai ba aron alheri ba ne. Kowane mako ana cire kuɗin hayar inji daga ladan masaƙi, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba. Da masu injuna suka gane hayar ta fi safar tabbas, sai suka riƙa gutsuttsura ɗan aikin da ke akwai a kan injuna da yawa, kowa ya samu kaɗan, kowa ya biya cikakkiyar haya. Masaƙa sun yi ta kuka shekara da shekaru, kafin majalisar dokokin Birtaniya ta hana wannan cire kuɗi a 1874.

Zamanin mota ya juya lissafin. Mazubin da aka sassaƙa don ƙofar wata mota ba ya amfanar kowace mota sai ita, ga shi da ɗan karen tsada. In ɗan kwangila ne ya saya, kamfanin mota na iya karya masa farashi, tunda ba shi da wani wurin kai hajarsa. In kuma ya riƙe mazubin ya ce sai an ƙara masa kuɗi, aikin haɗa mota ya tsaya cik. Misalin da masana tattalin arziki suka fi kawowa shi ne na General Motors da Fisher Body mai ƙera gangar jikin mota: GM ta sayi kashi 60 cikin ɗari na kamfanin a 1919, ta saye ragowar a 1926. Wasu masana a 1978 suka ce tsoron irin wannan riƙo ne ya sa ta saye shi. Masanin tattalin arziki Ronald Coase bai yarda da wannan bayani ba, kuma a ganina hujja tana gefensa, domin akwai hanya mafi arha: maimakon sayen kamfani sukutum, a sayi mazubin kawai, a ba da aronsa.

Hanyar da ta kafu ke nan, kuma takardar aron ta yi ta kauri. Tana fayyace cewa kayan na mai su ne har kullum, ba a yi wa wani aiki da su, ba a ba da su jingina, gyara da inshora yawanci suna wuyan mai aro, mai kaya kuma yana da ikon zuwa ya kwashe abinsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi ranar da ɗan kwangila ya karye, masu bin bashi suka yi dafifi a ƙofa.

Duk da haka nauyin bai daina gangarowa kan ƙarami ba. Japan tana da dokar kare ƙananan 'yan kwangila tun 1956, amma can aka saba barin tsofaffin mazubai jibge a rumbunan ƙananan masana'antu bayan an daina ƙera motar, ba kuɗin ajiya, ba izinin zubarwa, wai ko za a nemi kayan gyara wata rana. Ɗan kwangila ba ya iya ɗaga murya, don kada ya rasa aikin gaba. A watan Yulin 2024 hukumar kula da adalcin kasuwanci ta ƙasar ta samu wani reshen Toyota, Toyota Customizing & Development, da keta dokar ta wannan hanya, ta buƙaci ya biya kuɗin ajiyar.