Shinkafa da Wake da Tarihin Gano Ƙonewar Fayirubet

A Aboabo, cikin zangon Kumasi, abincin safe na gida-gida shi ne shinkafa da wake, wanda mutanen Gana suka ari sunansa daga Hausa suke kira waakye. Tarihin gano yadda jiki ke mayar da wannan abinci kuzari shi ma daga shinkafa ya faro.

Idan sitacin shinkafa ya narke, yakan zama gulukos mai ƙwayar kabon 6. Tantanin jiki yakan raba shi gida biyu, kowane ɓari mai kabon 3, shi ne fayirubet. Kafin a ci cikakken amfaninsa sai ya shiga maitokondiriya, murhun tantani. A can wani gungun inzayim uku ke cire kabon ɗaya ya fita a matsayin kabon dayoksaid, a tara lantarkinsa a NADH, sauran kabon 2 kuma su manne wa wani sinadari mai suna CoA su zama asetil-CoA. Wannan mataki ba ya komawa baya, kuma ba ya yiwuwa sai da tiyamin, wato bitamin B1.

A wajajen shekarar 1890, a Batabiya, wadda yau ake kira Jakarta, likita ɗan Holan Christiaan Eijkman yana binciken beriberi, cutar da ke kashe ƙafafu ta raunana zuciya. Sai kajin ɗakin bincikensa suka kamu da irin wannan shanyewa, daga baya kuma suka warke. Da ya bi diddigi, ya tarar an ciyar da su ragowar farar shinkafar asibitin soja, sun kuwa warke ne bayan an mayar da su kan wadda ba a goge ba. Eijkman ya zaci guba ce a cikin farar shinkafa. Magajinsa Gerrit Grijns ne ya bayyana a 1901 cewa wani abu ne da jiki ke bukata ake zubarwa tare da dusa. A 1926, Jansen da Donath suka tace wannan abu daga dusar shinkafa, a 1936 kuma Robert Williams ya haɗa shi a ɗakin bincike a Amurka.

Sauran tambaya ita ce, wane aiki yake yi? A shekarun 1930, Rudolph Peters na Jami'ar Oxford ya ciyar da tattabaru farar shinkafa har wuyansu ya sandare ya lanƙwashe baya. Ya gano cewa ƙwaƙwalwarsu ba ta shan iskar oksijin yadda ya kamata, fayirubet kuwa yana taruwa a cikinta kamar ruwan da aka toshe wa magudana. Da ya zuba bitamin kan naman ƙwaƙwalwar, sai ƙonewar ta dawo. A 1937, Lohmann da Schuster a Jamus suka tabbatar cewa tiyamin mai ɗauke da fosfet biyu ne ke taya inzayim cire kabon daga fayirubet.

A wannan shekara ce Hans Krebs ya bayyana zagayen sinadarin sitrik, inda ƙonewar ke kammala, amma gadar da ke tsakaninsa da fayirubet ba ta fito ba tukuna. Fritz Lipmann ya gano CoA a 1945, Feodor Lynen kuma ya tace asetil-CoA daga yis a 1951. Krebs da Lipmann suka raba lambar Nobel a 1953.

Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa sun dogara ƙwarai ga gulukos, zuciya kuma ba ta hutawa, shi ya sa su ke fara jigata idan tiyamin ya yi ƙaranci. Jiki ba ya ajiye shi da yawa. Cikin 'yan makonni yakan ƙare. Wake na da wadatarsa, haka ma gero da dawar da ba a surfe su sosai ba. Turara shinkafa cikin ɓawonta kafin a cashe, abin da Hausawa ke kira gumi, yana tura bitamin cikin ƙwaya. Tun 1907 likita Leonard Braddon ya lura cewa a Malaya masu cin irin wannan shinkafa ba su cika kamuwa da beriberi ba. Haɗarin yana kan gidan da tsadar kasuwa ta sa aka rage wake, aka koma farar shinkafa zalla safe da dare.